Dalilin da ya sa allurar rigakafin mura take aiki a bana, ta gaza a baɗi

A ƙarshen watan Fabrairun 2025, masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke tarawa sau biyu a shekara suka zaɓi nau'o'in ƙwayar cutar mura uku da za a haɗa allurar rigakafin lokacin sanyi da su a ƙasashen arewacin duniya. Kamfanoni suka karɓi shawarar suka shiga aiki. Kafin allurar ta iso asibitoci, wani sabon reshe na nau'in H3N2, wanda masana suka laƙaba wa harafin K, ya bayyana a tsakiyar shekarar, ya tsawaita lokacin mura a Ostiraliya, sannan ya sa cutar ta sauka a Japan da Birtaniya makonni kafin lokacin da aka saba. Ƙwayar da aka zuba a kwalba da wadda ke yawo a tsakanin mutane sun riga sun ɗan bambanta.

Wannan ba sabon abu ba ne. Allurar farko da aka ba lasisi a Amurka a 1945 ta yi aiki, amma a 1947 ta kusan zama ruwa, domin ƙwayar ta sauya kama. Tun daga lokacin ake wannan tsere, kuma har yau ƙwayar ce a gaba.

Wace mura ake nufi?

A Hausa kalmar mura ta haɗa abubuwa da yawa: yoyon hanci, atishawa, toshewar hanci lokacin hunturu. Yawancin waɗannan wasu ƙwayoyin bairas ne daban ke jawo su, kuma suna wucewa cikin 'yan kwanaki. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce infuluwenza, mura mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi, tari da kasala, wadda kan iya rikiɗewa ta zama ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kama mutum kusan biliyan ɗaya a shekara, miliyan 3 zuwa 5 su jigata, sannan tsakanin 290,000 zuwa 650,000 su mutu ta hanyar matsalar numfashi. Binciken da ya fitar da waɗannan alƙaluma a 2017 ya nuna cewa, idan aka auna da yawan jama'a, Afirka kudu da Sahara tana cikin yankunan da mace-macen suka fi yawa. Tsofaffi, ƙananan yara, mata masu juna biyu da masu ciwon suga, asma ko ciwon zuciya ne suka fi shiga haɗari.

Iri biyu ne ke haddasa murar shekara-shekara a jikin ɗan Adam, A da B. Daga cikin A akwai H1N1 da H3N2. B kuma tana da zuri'a biyu, Victoria da Yamagata.

Kuskuren kwafi

Ƙwayar infuluwenza ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta shiga cikin ƙananan ɗakunan halitta na hanci da maƙogwaro, waɗanda ake kira sel, ta tilasta musu buga kwafinta. Bayanan gadonta suna rubuce ne a kan sinadarin RNA, cikin gutsattsari takwas, haruffa kusan 13,500 gaba ɗaya. Na'urar da ke kwafe waɗannan haruffa ba ta da mai duba kuskure. Tamkar magatakarda ne mai sauri wanda ba ya waiwayar abin da ya rubuta. A jikin mutum ɗaya mai mura ana buga kwafi ba adadi, kuma da yawansu suna ɗauke da kuskure ɗaya ko fiye.

Mafi yawan kurakuran ba su da amfani ga ƙwayar, wasu ma kashe ta suke yi. Waɗanda suke da muhimmanci su ne masu faɗawa a kan furotin biyu da ke tsaye a bayanta kamar ƙayoyi. Na farko shi ne hemagulutinin, harafin H, wanda take maƙalewa da shi a jikin sel. Na biyu nuraminides, harafin N, wanda ke yanke igiyar da ta riƙe sababbin ƙwayoyi domin su fita su kama wasu sel. Garkuwar jiki, ko ta koya daga ciwon da aka taɓa yi ko daga allura, tana ƙera sinadaran kariya da ke gane siffar kan H su manne masa. Idan kuskuren kwafi ya ɗan sauya wannan siffa, sinadaran ba sa kamawa da kyau. Ƙwayar da ta samu wannan sa'a tana iya kama mutanen da 'yan uwanta ba za su iya kamawa ba, don haka zuri'arta ke rinjaye cikin shekara ɗaya ko biyu. Wannan shi ne sauyin sannu-sannu, kuma shi ne dalilin sabunta allurar.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar sauyin da ake buƙata. Furotin H yana da tubala sama da 500, amma wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2013 ya gano cewa manyan sauye-sauyen da H3N2 ta yi daga 1968 zuwa 2003 sun ta'allaƙa ne a kan gurabe bakwai kacal, dukansu a gefen wurin da ƙwayar ke maƙalewa, kuma sau da yawa canjin tubali ɗaya ya isa. Kafin nan, a 2004, Derek Smith da abokan aikinsa sun zana taswirar wannan tafiya, inda suka nuna cewa a cikin waɗannan shekaru 35 ƙwayar ta ratsa rukuni 11, tana ɗan zama a wuri ɗaya na 'yan shekaru sannan ta yi tsalle.

Kwatanci da ƙyanda yana fito da lamarin fili. Ita ma ƙwayar ƙyanda RNA ce, ita ma tana kuskuren kwafi, amma sassan da garkuwar jiki ke kamawa ba sa jure sauyi; idan suka canza, ƙwayar ta lalace. Shi ya sa allurar ƙyanda da ta samo asali daga ƙwayar da aka keɓe a 1954 take kare yaro har yau. Kan furotin H na mura kuwa yana iya sauya fuska ya ci gaba da aikinsa.

Su ma nau'o'in murar ba gudu ɗaya suke yi ba. H3N2 ce ta fi saurin sauyawa. Ƙwayar H1N1 da aka keɓe a Kalifoniya a 2009 ta zauna a cikin allurar har zuwa 2017 kafin a maye gurbinta, alhali a tsawon wannan lokaci an canza ɓangaren H3N2 sau da dama.

Sauyin farat ɗaya

Akwai wani sauyi na daban, wanda ba ya yawan faruwa amma ya fi muni. Da yake bayanan gadon a gutsattsare suke, idan ƙwayoyin mura iri biyu suka haɗu a sel ɗaya, a jikin alade ko tsuntsu ko mutum, suna iya musayar gutsattsarin. Tsuntsayen ruwa na daji suna ɗauke da nau'o'in H da yawa da jikin ɗan Adam bai taɓa gani ba. Idan ɗaya daga ciki ya shiga ƙwayar da ke iya yaɗuwa tsakanin mutane, annoba ta samu. Haka ta faru a 1957 da H2N2, da 1968 da H3N2 wadda aka fara gani a Hong Kong, da kuma 2009 da H1N1 da ta fito daga aladu a Meziko. Allurar shekara-shekara ba a yi ta domin wannan ba.

Najeriya ta san ɗacin annobar mura. Ta 1918 ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi layin dogo da koguna zuwa cikin ƙasa har Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a lokacin da yawan jama'a bai wuce miliyan 18 ba. A watan Fabrairun 2006 kuma, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a nahiyar Afirka.

Yadda ake zaɓen abin da za a zuba a allura

Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke gudanar da tsarin sa ido kan mura na duniya. Ɗakunan gwaji na ƙasashe sama da 120 suna karɓar samfurin majina daga marasa lafiya, su aika wasu zuwa manyan cibiyoyi biyar da ke nazarin murar ɗan Adam: Atlanta, Landan, Melbon, Tokiyo da Beijin. Babu ɗaya a Afirka, babu ɗaya a Kudancin Amurka.

A waɗannan cibiyoyi ana karanta haruffan gadon ƙwayoyin a ga wane reshe ke ƙaruwa. Sannan ana gwajin da ya samo asali tun shekarun 1940: a sa wa wata 'yar dabba mai kama da tunku, feret, ƙwayar da ke cikin allura, a ɗebi jininta bayan ta warke, a ga ko sinadaran kariyar da ke ciki za su iya tare sababbin ƙwayoyin da aka tattaro. Idan ƙarfin tarewar ya ragu sosai, alama ce ta cewa lokacin canji ya yi. Ana kuma gwada jinin mutanen da aka yi wa allurar.

Ana zama a watan Fabrairu domin arewacin duniya, a watan Satumba domin kudanci. Dole a yanke shawara da wuri haka saboda kamfanoni na buƙatar kimanin wata shida su shuka ƙwayar, su tace, a gwada, a zuba a kwalabe, a rarraba. Ke nan a Fabrairu ake hasashen abin da zai yi yawo a Disamba da Janairu. A 2019 masanan sun kasa cimma matsaya kan H3N2 a ranar da aka tsara, sai suka ɗage wannan ɓangare da wata guda domin su ga inda iska za ta kaɗa.

Lokacin sanyin 2014 zuwa 2015 shi ne misalin da aka fi kawowa na hasashen da ya kuskure. An zaɓi wata ƙwayar H3N2 da aka keɓe a Texas a 2012. Makonni kaɗan bayan zaɓen aka fara ganin wasu da suka sauya, kuma kafin sanyi ya sauka su ne suka mamaye. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta auna ingancin allurar a wannan shekara da kashi 19 cikin 100. A shekarun da zaɓen ya dace, ingancin kan kasance tsakanin kashi 40 zuwa 60.

Matsalar ƙwai

Ko da an zaɓi ƙwayar da ta dace, akwai wani sauyin da ke faruwa a cikin masana'anta. Mafi yawan allurar mura ta duniya a cikin ƙwan kaji mai ɗan tsako ake shuka ta, fasahar da ta haura shekara 70. Ƙwayar da ta saba da maƙogwaron mutum ba ta jin daɗin ƙwai, musamman H3N2 ta zamanin nan. Domin ta yi girma a can sai ta sauya, kuma sauyin yakan faɗa daidai gefen wurin maƙalewa, wato inda garkuwar jiki ke kallo.

Misali mafi bayyana ya fito ne daga ɗakin binciken Scott Hensley a Jami'ar Pennsylvania a 2017. Ƙwayoyin H3N2 da suka bazu tun 2014 sun samu canji a gurbi na 160 na furotin H, wanda ya ba su damar rataya wani ɗan sinadarin sukari da ke rufe wani muhimmin wuri kamar mayafi. Da aka saka ƙwayar a ƙwai, sai ta yar da mayafin domin yana hana ta girma. Sakamakon haka, allurar ta koya wa jiki gane fuska a buɗe, alhali ƙwayar da ke yawo a rufe take. A lokacin murar 2017 a Ostiraliya, ƙiyasin farko ya nuna ingancin allurar a kan H3N2 bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Lokacin sanyin da ya biyo baya a Amurka ya kashe mutum fiye da 50,000 bisa ƙiyasin CDC.

Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike masu yawa ya ba da matsakaicin inganci kamar haka: kashi 61 a kan H1N1 ta 2009, kashi 54 a kan B, kashi 33 kawai a kan H3N2. Gudun sauyawa da matsalar ƙwai duk a kan nau'i ɗaya suka taru.

Akwai hanyoyin kauce wa ƙwai. Flucelvax ana shuka ta ne a cikin sel na dabba, Amurka ta amince da ita a 2012. Flublok, wadda aka amince da ita a 2013, ba ta buƙatar shuka ƙwayar kwata-kwata. Furotin H kaɗai ake ƙerawa daga bayanan gadonsa. Ana kuma gwajin allurar mRNA irin ta korona, wadda babban alfanunta shi ne gajarta lokacin haɗawa, ta yadda za a iya jinkirta zaɓe zuwa kusa da lokacin cutar. Sai dai waɗannan sun fi tsada, kuma masana'antun ƙwai sun riga sun kafu, ribarsu tana tafiya. Babban burin shi ne allurar da za ta nufi kututturen furotin H, wanda ba ya sauyawa kamar kansa, amma har yanzu babu irinta a kasuwa.

Tarihin da ke cikin jikin mutum

Ba ƙwayar kaɗai ke ƙayyade sakamako ba. A 1960 Thomas Francis, ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa allurar farko, ya bayyana cewa murar da mutum ya fara kamuwa da ita yana yaro tana barin tambari a garkuwar jikinsa har tsufa. Idan ya haɗu da sabuwar ƙwaya ko sabuwar allura, jikinsa yakan fara farfaɗo da tsofaffin sinadaran da ya sani. Don haka allura ɗaya, a shekara ɗaya, tana iya kare ɗan shekara 10 fiye da ɗan shekara 45. A annobar 2009 an ga tsofaffin da aka haifa kafin shekarun 1950 sun fi matasa kariya, domin a yarintarsu sun haɗu da dangin wannan ƙwaya. Ga kuma raunin garkuwa da tsufa ke kawowa, da raguwar kariyar allurar cikin watanni.

Ya kamata a fahimci ma'anar alƙaluman. Inganci na kashi 40 yana nufin haɗarin kamuwa da murar da za ta kai mutum asibiti ya ragu da kashi 40 idan aka kwatanta da wanda bai yi allurar ba. Kuma rashin dacewa ba ya nufin rashin amfani gaba ɗaya: allurar tana ɗauke da nau'i uku, kuskure a ɗaya bai shafi sauran ba, sannan kariya daga kwanciya a asibiti takan fi kariya daga kamuwa ɗorewa. A kan reshen K na 2025, ƙiyasin farko na hukumar kare lafiya ta Birtaniya ya nuna allurar ta rage zuwa asibiti da kimanin kashi 70 zuwa 75 a yara, kashi 30 zuwa 40 a manya. Jami'in lafiyar da ya ce wa jama'a allurar tana hana mura baki ɗaya yana shuka rashin yarda ne, kuma yankin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ya san tsadar dawo da yarda idan ta ɓace.

Wani lokaci sauyin yakan zo da sauƙi. Tun watan Maris na 2020, lokacin da kullen korona ya tsayar da tafiye-tafiye, ba a sake tabbatar da ganin zuri'ar Yamagata ba. A Satumban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cire ta, allurar ta koma nau'i uku daga huɗu.

Wa ke ba da samfuri, wa ke samun allura?

Dukan tsarin ya dogara ne a kan ƙasashe su miƙa ƙwayoyin da suka tattara kyauta, kamfanoni kuma su sayar da abin da aka yi da su. A 2007 ministar lafiyar Indonesiya, Siti Fadilah Supari, ta dakatar da aika samfurin H5N1, tana mai cewa ƙasarta ba za ta ba da ƙwaya kyauta sannan ta kasa sayen allurar da aka haɗa da ita ba. An sha suka a kanta, amma takaddamar ce ta haifar da yarjejeniyar 2011 da ta wajabta wa kamfanonin da ke amfana da tsarin biyan kuɗin gudummawa da ware wani kaso na allura ga ƙasashe matalauta idan annoba ta ɓarke. A tsakani, annobar 2009 ta riga ta gaskata ƙorafinta: ƙasashe masu arziki sun yi odar yawancin allurar tun kafin a haɗa, ta iso ƙasashen Afirka da dama bayan guguwar ta wuce. Yarjejeniyar kuma ta shafi ƙwayoyin da ka iya jawo annoba ne kaɗai, ba murar shekara-shekara ba.

Tsarin yana fuskantar sabon matsi. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin fitar da Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya, alhali cibiyar Atlanta tana cikin manyan ginshiƙan sa idon, kuma kuɗin Amurka ne ya taimaka wajen kafa ɗakunan gwajin mura a ƙasashen Afirka da yawa. A watan Fabrairu na shekarar aka soke zaman watan Maris na kwamitin masana masu zaman kansu da ke ba hukumar magunguna ta Amurka shawara kan zaɓen ƙwayoyin allurar.

Najeriya ta fara sa ido kan mura a 2008, bayan firgicin murar tsuntsaye, da asibitoci huɗu a Abuja, Kano, Legas da Nnewi, da ɗakin gwaji na ƙasa a Abuja wanda yanzu ke ƙarƙashin hukumar NCDC. A Nijar cibiyar CERMES da ke Yamai ce ke wannan aiki, a Ghana cibiyar Noguchi, a Senegal cibiyar Pasteur ta Dakar. Ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, 'yan asibitoci ƙalilan ƙaramar taga ce. A yawancin ƙananan asibitoci da shagunan magani, zazzaɓi da ciwon jiki sunansa maleriya ko taifot, kuma da wuya a ɗauki samfurin hanci.

Wannan giɓi yana da tasiri a aikace. A ƙasashe masu zafi mura ba ta bin jadawalin sanyi na Turai. Tana iya yawo duk shekara, ta yi ƙamari sau ɗaya ko biyu, a wurare da yawa lokacin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar irin waɗannan ƙasashe su duba bayanansu su zaɓi haɗin Fabrairu ko na Satumba, da watan da ya fi dacewa a yi allurar. Ƙasar da bayananta ba su da yawa ba ta da abin dogaro wajen wannan zaɓi, kuma abin da ke yawo a Kano na iya bambanta da na Fatakwal a wata ɗaya. Allurar mura ba ta cikin jadawalin rigakafin yau da kullum na Najeriya. Mai buƙatarta yakan neme ta ne a asibitin kuɗi, kuma 'yan Arewa da yawa sun fara jin labarinta ne a shirin tafiya aikin Hajji, domin hukumomin lafiyar Saudiyya suna shawartar maniyyata su yi ta kafin su shiga taron da ke haɗa ƙwayoyin mura na arewaci da kudancin duniya a wuri ɗaya.